Shafi na Arba'in da Ɗaya

Litinin, 6 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

An kawo takardun makaɗa daga wurin bugu. Na shimfiɗa su a kan tebur na duba ɗaya bayan ɗaya, kuskure uku kawai na samu, biyu ma nawa ne. A saman kowace an rubuta "Waccan Gaɓar", a ƙasa kuma sunana, Yordanka Marinska. Shekara biyu da wata uku ina kan wannan kiɗa. Ran talatin ga wata za a kaɗa shi karon farko, a nan Ruse, da makaɗa hamsin da biyu, Stoil Dramov a gaba da celonsa, babban gogen nan na Turawa.

Kiɗan ya yi kyau. Ba yabon kai ba ne, a shekara sittin da uku na san bambancin abin da na yi da kyau da abin da na yi don a gama. Na sauka na sayo banitsa mai zafi, gurasar nan mai cuku, na ci a tsaye bakin taga ina kallon wani jirgin yashi yana hawa kogin Dunav.

Wannan ne na goma sha biyu da na rubuta wa Stoil. Na farkon ina da shekara ashirin da biyu, muna makarantar kiɗa a Sofiya. Malaman da suka duba shi suka ce wannan ba kiɗa ba ne, kukan ƙyaure ne. Ba wanda ya yarda ya taɓa shi sai wani dogon saurayi mai kunnuwa kamar faranti, wato Stoil. Ya jingina babban gogen nan tsakanin gwiwoyinsa, ya kaɗa shi a gaban mutum goma sha ɗaya, huɗu suka fita kafin a gama. Ya ce mini, "Bakwai sun zauna, Danche. Rubuto wani." Duk abin da aka kaɗa nawa daga baya, a Warso ko Biyana, ta hannunsa ya fara bi.

Tun watan Yuni nasa kashin yake wurinsa. Sau uku yana ɗaga ranar da zai kaɗa mini. Jibi dai zai zo.

Laraba, 8 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Ya zo ƙarfe biyu, yana haki, yana zagin benena.

"Hawa huɗu, Maestro. Duk sunan da kika yi a duniya ba ki iya samun gida mai lif ba?"

"Kai ne ka tsufa, benen yana nan yadda yake."

Na zauna a fiyano ina riƙe masa wurin sauran makaɗa. Kashi na farko ya fito yadda na ji shi a kaina, har ya fi. Akwai inda celo yake riƙe murya ɗaya mai kauri, irin ta jirgin ruwa in hazo ya rufe kogi, ya ja ta har sai numfashin mai sauraro ya ƙare. Babu mai yin wannan kamar Stoil. Kashi na biyu, inda na sa kukan makoki irin na kakata, sai da na ɗauke hannu daga fiyano na bar shi shi kaɗai.

A shafi na arba'in da ɗaya muka tsaya. Gudu ne a can ƙasan murya, yatsun hagu huɗu a ware, babu wurin hutawa har layi shida. Ya fara, ya tsaya. Ya ce ɗakina sanyi. Na kunna hita. Ya sake, ya tsaya a wuri ɗaya. Ya ce na cika rubuta abin da ɗan Adam ba ya iyawa, na ce shekara arba'in yana faɗar haka kuma yana iyawa. Muka yi dariya. Karo na uku ya tsallake wurin, ni ma na bi shi kamar haka aka rubuta.

Da zai tafi ya daɗe yana ɗaure akwatin celon. Na tafi kicin na wanke kofunan da na riga na wanke.

Saura kwana ashirin da biyu. Sun isa.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da rana

Sanyi ne. Ɗakin nan da ma yana da sanyi.

Asabar, 11 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Abincin rana a gidansu. Unguwar duk ƙanshin gasa tattasai, kowa yana cika kwalabensa kafin hunturu. Nevena, matar Stoil, ta gasa buhu guda ita kaɗai. A da shi ne mai ɓare su, yana yi yana waƙa, yana cewa ba wanda ya kai shi sauri a duk gaɓar nan. Bana yana zaune yana ba da umarni.

Nevena ta ajiye kwalbar miyar tattasai ta bara a kan tebur. Ya kai hannu zai buɗe, ta riga shi. Ta buɗe, ta ajiye, ta ci gaba da maganar jikarsu kamar ba a yi komai ba. Naman da ta sa masa a yanke yake. Nawa ba a yanke yake ba.

"Ka zama sarki ke nan," na ce.

"Na daɗe da zama, ba ku lura ba ne."

Ya sha giyar inabi kofi ɗaya, ya ba da labarin nan na hunturun casa'in da shida, da muka kaɗa a zauren da babu wuta, makaɗa sanye da manyan riguna, mai busa ƙaho leɓensa ya manne. Na ji shi ya fi sau ɗari. Na yi dariya a duk wurin da ake yi.

Nevena ta rako ni bakin ƙofa. Ta buɗe baki, na ce motar haya tana jirana. Babu wata mota. Da ƙafa na dawo, ta bakin kogi.

Litinin, 13 ga Oktoba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Kalin Bozhilov ya kira, madugun makaɗanmu. Mutumin kirki ne, kunnensa tsaf, amma in zai faɗi abu sai ya zagaya gari.

Ya yabi kiɗan. Ya tambayi lafiyata. Ya yi maganar hazo. Sannan ya ce, "Farfesa, kin tuna Bilyana Saeva? Ɗalibar Maestro Dramov ta da. Tana Sofiya yanzu, kuma ƙarshen wata ba ta da aiki."

"To, Allah ya ba ta aiki."

"Ina nufin ko da wani abu zai taso."

"Me zai taso?"

Na bar shi yana laluben kalmomi, ni na iya shiru, da shi nake cin abinci. Can ya ce a watan jiya ya ji Stoil yana kaɗawa a wani ƙaramin taro, kuma... Na ce masa Stoil yana kaɗa kiɗana tun kafin a yaye shi Kalin ɗin, kuma a shafin farko an rubuta wanda aka yi wa kiɗan. In babu Stoil babu kiɗa, ya zaɓa.

Ya ba ni haƙuri. Ban ji daɗin yadda na yi masa ba, amma da gaskiyata.

Talata, 14 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Na fito da shafi na arba'in da ɗaya na ɗora a kan fiyano. Ni na rubuta shi, ina da ikon in sake shi. Marubucin kiɗa yana gyara har ranar ƙarshe, kowa ya san wannan.

Gudun na ba masu ƙananan goge da mai busa sarewa ɗaya, su raba a tsakaninsu. Celo kuma ya riƙe dogayen muryoyi a ƙarƙashinsu, yawanci a kan tsirkiya sake, inda hannun hagu ba shi da aiki sai kaɗan. Awa uku ya ɗauke ni. Na kwafe shi da kyau da sabon alƙalami.

Na san abin da nake yi.

Laraba, 15 ga Oktoba, da safe

Na sake kaɗa sabon shafin. Babu laifi. Wanda bai san na farkon ba ba zai ce komai ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na ba Stoil sabon shafin. Na ce tunani ya zo mini a kan hanyar kasuwa, gudun nan ya cika surutu, wurin yana son iska. Ya sa tabarau ya karanta daga sama har ƙasa, ya koma sama. Muka kaɗa tun daga farko har ƙarshe babu tsayawa, karon farko ke nan. Minti ashirin da shida.

"Ka gani?" na ce.

"Na gani," ya ce.

Bai tsaya shan kofi ba. Ya ce Nevena tana jiransa.

Na kira Kalin na ce zan aiko da gyaran shafi ɗaya ran Litinin, kuma an gama magana.

Asabar, 18 ga Oktoba, da rana

Na yi barci mai kyau. Na sayi sabon takalmi don ran talatin. Baƙi, mai ɗan tudu.

Litinin, 20 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Ya zo ƙarfe goma ba tare da celo ba. Bai zagi benen ba. Bai cire rigar sanyinsa ba. Ya ajiye sabon shafin a kan tebur ya danne shi da hannun dama.

"Kwana uku ina kallon wannan takarda, ina cewa ko ni ne ban gane ba."

"Me za ka gane? Gyara ne."

"Danche, shekara arba'in da ɗaya ina karanta rubutun hannunki. In kiɗa ne ya sa ki gyara, sai kin goge takarda har ta huje, ki zuba mata kofi, ki rubuta zagi a gefe. Dubi wannan. Tas, kamar takardar asibiti."

Na ce ya daina wasan kwaikwayo.

"Sadaka kika ba ni. Kin zauna a nan kin auna abin da tsoho zai iya, kin yanka masa kiɗa ƙanana-ƙanana kamar yadda Nevena take yanka mini nama. Ita matata ce, na yafe mata. Ke fa?"

"Sabon ya fi kyau."

"Kalle ni ki sake faɗa."

Na kalle shi na sake faɗa. Ni ma na iya taurin kai.

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce malaman Sofiya sun ce kiɗana kukan ƙyaure ne, masu jarida sun ce na haukace, shi kuwa duk shekarun nan abu ɗaya yake gaya wa mutane: matar nan ba ta taɓa rubuta ƙarya ba, ko layi ɗaya. "Yanzu kin rubuta layi shida, kuma da sunana a kai."

Ya sauka. Na ji shi yana tsayawa a kowane hawa.

Ban aika wa Kalin gyaran ba. Ban kuma fasa ba. Yana nan a kan tebur.

Talata, 21 ga Oktoba, da yamma

Bai kira ba. Ni ma ban kira ba. Ba ni na fita ina buga ƙofa ba.

Laraba, 22 ga Oktoba, da safe

Bai buga ƙofar ba. A hankali ya ja ta. Gara in rubuta daidai.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Na kaɗa shafukan biyu a jere, tsoho da sabo, sau biyar. Ba sai na rubuta abin da na ji ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

Nevena ta tare ni a kasuwa, wurin mai sayar da kabeji. Wannan karon ta riƙe hannun rigata.

"Yau babu motar haya, Danche."

Muka zauna a benci da jakunkunanmu. Ta yi magana kusan rabin awa. Tun watan Afrilu ne. Sau biyu sun je Sofiya, ranakun da ya ce mini sun je ganin jika. Ta faɗi sunan ciwon, ta maimaita, don ban ji da kyau ba da farko. Ba zan rubuta shi a nan ba. Ta faɗi abin da likita ya ce game da bazara mai zuwa, da abin da ya ce game da bayan bazara.

"Me ya sa bai gaya mini ba?"

"Ke me ya sa ba ki tambaya ba? Kin gani tun ranar farko. Ya dawo gida ya ce, ta gani, ta tafi wanke kofi."

Na ce ba na son in kunyata shi.

"Kowa ba ya son ya kunyata shi. Ni, da yara, da maƙwabta, har mai kawo wasiƙa. Gidan nan ya zama kamar coci, kowa yana tafiya a kan yatsu. Ke kaɗai ce ya sa rai za ki yi masa ihu."

Ta ɗauki kabejinta ta tafi. Na zauna har wata tsohuwa ta tambaye ni ko lafiya.

Juma'a, 24 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Na je gidansu ƙarfe goma sha ɗaya. Yana ɗakin baya, celo a jingine da bango, yana karanta jarida. Ban zauna ba.

"Sabon shafin shara ne," na ce.

"Ci gaba."

"Na farkon ne kiɗan. Duk abin da ke gabansa hanya ce zuwa wurin, in an cire shi sauran ba su san inda za su ba."

"Ci gaba."

"Kuma ba za ka iya kaɗa shi ba. Ba ran talatin ba, ba bayan talatin ba. Autan yatsanka ba ya sauka, na kusa da shi yana makara. Na ji tun ranar Laraba ta farko."

Ya naɗe jaridar ya ajiye. Na zaci zan ga abin da nake tsoro a fuskarsa. Sai ya sauke numfashi kamar wanda aka cire wa takalmi mai matsi.

"Kwana goma sha shida," ya ce. "Na ce wa Nevena mako ɗaya za ki yi. Kin tsufa, Maestro."

Na ce masa jaki. Na ce masa abubuwa da yawa, da ƙarfi, har Nevena ta rufe tagar kicin saboda maƙwabta. Shi ma ya rama. Ya ce na fi son a ce ni mai kirki ce a kan in zama abokiya. Na ce shi kuma ya bar ni ina faɗa da Kalin a kansa kamar mahaukaciya. Daga nan ban san wanda ya fara kuka ba, kuma ba zan rubuta wannan ba.

Da muka natsu na ce sai a ɗaga ranar, babu mai koyon wannan kiɗa cikin kwana shida.

"Bilyana tana da shi tun watan Agusta," ya ce.

"Wa ya ba ta?"

"Ni. Duk ranar Lahadi muna yi ta waya, layi-layi. Kina tsammani zan bar kiɗanki ya faɗi saboda yatsa ɗaya? Kalin ya sani, ni na hana shi faɗa. So nake in gwada tukuna, ko Allah zai sa. Na gwada. In kuma za a cire ni, ke nake so ki cire ni, ba likita ba."

"To, na cire ka."

"Na gode."

Nevena ta kawo miyar wake. Na ci kwano biyu.

Litinin, 27 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Gwaji na farko da makaɗa duka. Na ba Kalin haƙuri a gaban mutane, don ni ma in ji zafinsa.

Bilyana ta kai arba'in yanzu, gajera, ba ta da yawan magana. Ta gaishe ni da hannu biyu. Muryar celonta ba irin tasa ba ce, ta fi haske, ta fi sauri. A kashi na farko na ƙi ta. A kashi na biyu na ƙi ta kaɗan. Da aka zo shafi na arba'in da ɗaya ta shiga gudun kamar mai gangarowa daga tudu da kaya a kai, ba ta zubar da ko ɗaya ba. Tun da na rubuta wurin ban taɓa jin sa a waje da kaina ba. Haka yake. Daidai haka yake.

Stoil yana layi na biyar da takarda a cinya. Ya ɗaga murya: "Bilyana! Wa yake korarki? Layi na huɗu ki ja numfashi, matar nan ta sa hutu a wurin, ba ta dai rubuta ba ne."

"To, Maestro."

Na juya na ce ban sa wani hutu ba.

"Kin sa. Ba ki sani ba ne."

Aka sake da hutun. Da gaskiyarsa. Na rubuta shi a takardar Kalin da hannuna.

Laraba, 29 ga Oktoba, da yamma

Kalin ya tambaya ko a canza sunan da ke shafin farko. Na ce wanda ya taɓa shi zai gamu da ni.

Juma'a, 31 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

An yi. Zaure ya cika har sama. Ba wanda ya yi tari a dogon shirun da ke tsakiyar kashi na biyu, kuma mutanen Ruse a watan Oktoba tari ne sana'arsu.

Stoil ya ƙi zama kusa da ni. Ya ce ina motsi da yawa. Ya zauna can gefe da Nevena, ban ga fuskarsa ba, kuma ban nema ba.

Sau huɗu aka kira mu dandamali. A na uku Bilyana ta nuna inda yake da sandar gogenta, mutane suka juya, suka miƙe. Bai tashi ba. Ya ɗaga hannun dama kawai, kamar mai tsayar da mota. Wata mata daga gidan rediyo ta tambaye ni me kiɗan yake nufi, na ce minti ashirin da shida yake nufi. Wani baƙo daga Bukares yana son a kai shi can a watan Mayu.

A bakin ƙofa Stoil ya kama kafaɗata ya ce, "Masu ƙaho sun makara a shafi na hamsin." Shi ke nan abin da ya ce. Sun makara kuwa.

Kiɗan nan shi ne mafi kyau a duk abin da na rubuta. Na dawo gida na zauna da rigata a jiki, na daɗe ban kunna fitila ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Ba komai. Na share ɗaki.

Litinin, 3 ga Nuwamba, ƙarfe ɗaya na rana

Ƙarfe tara aka buga ƙofa. Shi ne, da celo a baya. Nevena ce ta tuƙo shi, tana ƙasa a mota, ta ce ba za ta hau ta ji haukarmu ba.

Ya zauna, ya buɗe akwatin ba tare da ya ɓoye yadda yake fama da maɓallan ba. Ni ma na tsaya ina kallo, ban taya shi ba, ban kuma kau da kai ba.

"Ɗauko fensir," ya ce.

Ya ɗaga hannun hagu tsakanina da shi. "Wannan yana aiki. Wannan ma. Wannan da safe yana zuwa, bayan azahar sai ya ga dama. Autan ya yi ritaya. Babban yatsa lafiya lau. Hannun dama kuwa ya fi na Bilyana, kada ki gaya mata."

Ya kaɗa mini duk abin da ya rage, ɗaya bayan ɗaya: nisan da yake iya buɗewa, saurin da yake kaiwa kafin ya karye, minti nawa kafin hannun ya gaji. Tara ne. Na rubuta duka. Shafi ɗaya bai cika ba.

"Rubuta mini kiɗa da wannan. Ba na hamsin da biyu ba, ni kaɗai. A fili, kowa ya san don me aka yi shi."

"Shekara biyu nake yi, ka sani."

"Ba ni da shekara biyu. Nevena ta gaya miki. Ki gama kafin Afrilu."

Na duba takardar. Yatsu biyu da rabi, minti tara, tsirkiya huɗu. Ban taɓa samun ƙunci irin wannan ba, kuma tun yana magana na fara jin wani abu a can ƙasa, murya biyu suna goga juna, ɗaya ba ta motsi.

"Zai yi wuya," na ce. "Ba zan tausaya maka ba. Duk abin da yatsun nan suke iyawa sai na karɓe shi, har na gobe."

"In na ga wuri ɗaya mai sauƙi zan yaga shi a gabanki."

"Sake yi mini na biyun nan. A hankali."

Ya sake. Nevena ta yi ta danna hon a ƙasa, ba wanda ya leƙa.

Ya tafi ƙarfe goma sha biyu. Na riga na huda takardar a wuri biyu.